Yadda Za Ka Ziyarci Castleton, Ƙauyen Kogunan Dutse da Tsaunuka a Ingila

Da yawa daga cikin mutanenmu da karatu ko aiki ko ganin likita ya kai su Ingila, sai su yi zamansu su gama ba su san ko'ina ba sai Landan da Manchester da Birmingham, daga shago sai shago, daga tasha sai tasha. Alhali ƙasar tana da wata fuska da ba a ganinta sai an fita karkara. Ƙauyen da nake ba wa kowa shawarar ya fara da shi shi ne Castleton, a gundumar Derbyshire, tsakanin Manchester da Sheffield. Mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, gidajensa na dutse ne, wani ɗan rafi yana ratsa tsakiyarsa, tsaunuka kuma sun zagaye shi ta fuska uku. Yana cikin yankin Peak District, wanda shi ne wuri na farko da gwamnatin Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun ƙasa, a shekarar 1951. Abin da ya sa na zaɓe shi: wanda ba shi da mota ma zai iya zuwa, kuma abubuwan kallon duk da ƙafa ake isa gare su. Sharaɗi ɗaya ne, ka ba shi lokaci. Mai zuwa ya ɗauki hoto ya juya cikin awa biyu ya yi asarar kuɗin motarsa.

Da farko, zaɓi lokaci

Watan Mayu da Yuni da Satumba sun fi. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, don haka kana da yini mai tsawon gaske. A Disamba kuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga, hanyoyin kan dutse su yi santsi, wasu wuraren kallon ma sai Asabar da Lahadi suke buɗewa. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba yara suna hutun makaranta, ƙauyen yakan cika har wurin ajiye mota ya yi wuya. Haka ma duk Litinin ɗin da ta zama ranar hutu. In da hali, ka zo Talata ko Laraba.

Akwai rana guda da ta cancanci a jure cunkosonta: 29 ga Mayu. Ranar ne mutanen ƙauyen suke bikinsu na gargajiya. Da yamma ake ɗora wani mutum a kan doki, a kifa masa wani ƙaton kwando da aka lulluɓe da furanni tun daga kansa har ƙugunsa, ba a ganin fuskarsa, a zaga gari da shi ana busa ana kiɗa, yara mata sanye da fararen kaya suna rawa a baya. A ƙarshe sai a ja kwandon da igiya a ɗora shi a ƙololuwar hasumiyar cocin garin. In ranar ta faɗo Lahadi, Asabar ake yi.

Hanyar zuwa, da tarkon da ke cikin sunan

Castleton ba shi da tashar jirgin ƙasa. Wannan ka riƙe shi da kyau, domin in ka rubuta sunan a manhajar sayen tikiti za ta nuna maka wata tasha mai suna Castleton kusa da Rochdale, a arewacin Manchester, wuri ne dabam kwata-kwata. Tashar da kake nema ita ce Hope, kuma ka tabbata an rubuta Derbyshire a gefenta, saboda akwai wata Hope ɗin a yankin Wales.

Jirgin da ke tsayawa a ƙananan tashoshi tsakanin Manchester Piccadilly da Sheffield shi ne naka, kusan duk awa akwai ɗaya. Daga Sheffield bai kai rabin awa ba, daga Manchester ƙasa da awa guda. In daga Landan kake, ka hau na Sheffield a tashar St Pancras, tafiyar kamar awa biyu ce, sai ka sauya. Tikitin da aka saya tun da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba a kan na ranar tafiya, ɗalibai kuma su nemi katin rangwame na matasa, yana rage kashi ɗaya cikin uku.

Daga tashar Hope zuwa Castleton kimanin kilomita uku ne. Kana iya takawa, ko ka fito bakin titi ka jira bas mai lamba 272, wadda ita ma daga Sheffield take tasowa ta ƙare a Castleton. Wanda ke zaune a Sheffield ma ya fi masa sauƙi ya hau bas ɗin kai tsaye, tafiyar wajen awa guda. In mai hawa biyu ce, hau sama ka zauna gaba. Sai ka ɗaga hannu direba zai tsaya, ba a ciniki, da katin banki ake biya. Ranar Lahadi motocin suna raguwa, don haka ka duba lokacin ta ƙarshe tun kafin ka bar gida.

Mai son tuƙa kansa, baƙo yana iya amfani da lasisin ƙasarsa har tsawon wata goma sha biyu. A hannun hagu ake tuƙi, yadda Najeriya take yi kafin 1972. Amma ba wannan ne abin tsoro ba, ƙuncin hanyoyin ne. Wasu mota ɗaya kawai ke wucewa, katangar dutse dama da hagu, ga kwana a kan kwana. An bar 'yan wurare masu faɗi nan da can domin kauce wa juna. Wanda ya fi kusa da irin wurin shi ke ja da baya, ɗayan kuma ya ɗaga masa hannu alamar godiya. Kada ka ajiye mota a kan ciyawar gefen hanya ko bakin ƙofar gona. Akwai babban wurin ajiye motoci na biya a tsakiyar ƙauyen, kusa da ofishin baƙi, ka sa ta can ka manta da ita.

Masauki da abin da za ka sa a jaka

Kwana ɗaya ko biyu ya wadatar. Akwai gidajen da masu su ke ba da ɗaki haya haɗe da karin kumallo, akwai ɗakuna a saman mashayun garin, akwai kuma masaukin matafiya mai rahusa a wani tsohon gida da ake kira Losehill Hall a gefen gari, wanda ke da madafa inda za ka dafa abinka. Ga iyali ko 'yan'uwa huɗu zuwa shida, kama gida sukutum ya fi kwanciyar hankali: ku zo da shinkafarku da yajinku da naman da kuka saya a Sheffield ko Manchester, ku yi sallarku a falo. Ɗakin saman mashaya kuwa yana da hayaniya daren Juma'a da Asabar. A lokacin zafi ka kama wuri tun makonni kafin zuwanka.

Takalmi shi ne kan gaba. A nemi mai kauri mai riƙe ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Silifas da takalmin ofis ba su da aiki a nan. Sai rigar ruwa mai hula, domin laima ba ta jure iskar kan tsauni. A saka riguna sirara biyu ko uku a kan juna maimakon ƙatuwa ɗaya, in zufa ta zo a cire, in sanyi ya taso a mayar. 'Yan'uwa mata, doguwar abaya tana jan taɓo tana kuma harɗe ƙafa wajen hawa matakala. Riga mai tsayi zuwa ƙasan gwiwa da wando mai kauri da ɗankwalin da aka ɗaure da kyau sun fi, kuma ba wanda zai dube ki. A ƙara da gorar ruwa, dabino ko gyaɗa, ƙaramar darduma ta leda, da batirin cajin waya. Waya takan rasa sabis a cikin kwari, saboda haka ka sauke taswirar yankin tun a gida, ko ka sayi ta takarda ta Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar, mai lamba OL1 a shagunan garin.

Salla da abinci

Babu masallaci a Castleton ko ƙauyukan kusa. Sai birane irin su Sheffield ko Manchester. In tafiyarka ta haɗa da Juma'a, ka yi salla a birni sannan ka kama hanya, ko ka koma da safe. Alƙibla tana kudu maso gabas. Wurin salla ba ya wuya, ko'ina fili ne mai ciyawa, ka dai ɗan kauce daga hanyar masu wucewa ka duba kashin tumaki. Banɗakunan ba su da buta, ka riƙe gorar roba. Wanda ya taso daga Landan ya kai nisan kasaru; na Sheffield da Manchester bai kai ba. Ka kuma lura da lokutan salla, a tsakiyar zafi Asuba tana yi tun wajen uku na dare, Isha'i kuma sai goma sha ɗaya ta kusa.

Mashaya a ƙauyen Ingila ba wurin shan giya kaɗai ba ce, nan ne iyalai suke cin abinci har da yara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, akwai shagunan shayi da na burodi, sai dai yawancinsu kafin biyar na yamma sun rufe, don haka abincin dare yana bukatar shiri. Ka ɗauka duk naman da ke garin ba yankan Musulmi ba ne. Kifi da soyayyen dankali shi ne mafita, amma ka tambaya abu biyu: da wane mai aka soya, kuma an sa giya a cikin ƙullin da aka tsoma kifin? Wasu da kitsen shanu suke suya, wasu suna kwaɓa ƙullin da giya. Karin kumallonsu na gargajiya cike yake da naman alade, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Ka ce a ba ka na marasa cin nama, za a kawo ƙwai da wake da tumatir da burodi. Tambaya irin wannan ba ta ɓata musu rai, sun saba da masu ƙa'idojin abinci iri-iri.

Yinin farko: gari, ganuwa da kogo

Ka fara da ofishin baƙi. Akwai ɗan gidan tarihi a ciki, akwai banɗaki, ma'aikatan kuma za su faɗa maka yanayin kan tsauni na ranar. Daga nan ka bi rafin da ke ratsa gari, ka zaga lunguna. Gidajen nan da suka yi kyau a hoto mutane ne ke kwana a ciki, kada ka leƙa taga, kada ka zauna a kan katangar wani ko ka tsinki furen gabansa. In kun haɗa ido da dattijo a hanya, ka gaishe shi. A birni ba a cika gaisuwa ba, amma a nan ana yi, musamman a kan hanyoyin ƙafa.

In ka ɗaga kai daga ko'ina a garin za ka hango kufan ganuwar Peveril a bisa dutse. Wani jarumi mai suna William Peveril ya kafa ta bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma tana cikin ƙididdigar dukiyar ƙasa da aka yi a 1086. Hasumiyar da ta rage tsaye Sarki Henry na Biyu ya gina ta a 1176. Dalilin kafa ta shi ne tsaron dajin farautar sarki da kuma dalmar da ake haƙa a yankin, garin kansa ma a gindinta aka tsara shi. Ana biyan kuɗin shiga, hanyar hawa kuma miƙaƙƙiya ce mai lanƙwasa, minti goma zuwa sha biyar, akwai kujerun hutawa. Ginin da ya saura ba shi da yawa, gaskiya, amma daga can za ka ga kwarin gaba ɗaya da duk tsaunukan da za ka taka gobe. In kuɗi sun yi ƙaranci, ka shiga Cave Dale ta wani ɗan tsukin dutse a bayan gidaje, kyauta ne. Kana wuce tsukin sai wani siririn kwari ya buɗe, duwatsu tsaye dama da hagu, ganuwar tana reto a samanka. Duwatsun ƙasan suna da santsi in an yi ruwa.

Kogunan dutse huɗu ake shiga, yawanci da ɗan jagora, kowanne da kuɗinsa. Ba sai ka shiga duka ba, ɗaya ko biyu sun isa, ga yadda za ka zaɓa.

Peak Cavern shi ne mafi kusa, ƙarƙashin ganuwar yake, kuma bakinsa ya fi na kowane kogo girma a Birtaniya. Shekaru ɗaruruwa masu tufkar igiya suka yi suna zaune a cikin bakin nan da iyalansu, suna sayar wa mahaƙan dalma, har zuwa farkon ƙarni na 20. Har yanzu ana nuna wa baƙi yadda ake tufkar. Matakalarsa ba ta da yawa, shi ya fi dacewa da yara da manya, ko da yake akwai inda sai an sunkuya.

Speedwell kuwa ramin haƙar dalma ne da aka fara a shekarun 1770, aka kashe dukiya ba a sami abin kirki ba. Za ka sauka matakala sama da ɗari, a ba ka hular kwano, ka shiga kwalekwale a bi da kai ta wani ƙuntataccen rami mai ruwa har zuwa wani babban ɗaki a cikin dutse. Rufin yana dab da kanka duk tsawon tafiyar. Mai jin tsoron matsattsen wuri ya haƙura da shi, ba abin kunya ba ne. In an yi ruwa mai yawa akan rufe shi.

Sauran biyun, Treak Cliff da Blue John, su ne gidan wani dutse mai ratsin shuɗi da shunayya da ruwan ɗorawa da ake kira Blue John, wanda a duk Birtaniya a wannan tudun kaɗai ake samunsa. Da can ana sassaƙa manyan tuluna da shi don fadojin masu sarauta. Yanzu kaɗan ake haƙowa a shekara, ana yin zobba da 'yan kunne da sarƙoƙi. A ganina Treak Cliff ya fi, domin yana da duwatsun da ɗigon ruwa ya gina masu zubowa daga rufi, hawansa kuma bai kai na Blue John ba, wanda matakalarsa ta haura ɗari biyu. Cikin kogunan duka sanyi ne rani da damina, wajen digiri goma ko ƙasa da haka, ka shiga da rigar sanyi. Mai son tsaraba ya saya a shagunan kogon ko na cikin gari. Dutsen yana da taushi, ba ya son faɗuwa ko daɗewa a ruwa.

Yini na biyu: kan tsauni

Wannan shi ne zuciyar tafiyar. Kafin ka taka, ya kamata ka san dalilin da ya sa baƙo zai buɗe ƙofar gonar wani ya ratsa cikin tumakinsa ba wanda ya ce masa uffan. Akwai hanyoyin ƙafa da doka ta tabbatar wa jama'a ko da sun bi ta filin mutum, kamar dai burtali a wajenmu, mai gona ba shi da ikon toshewa. Kibiya mai ruwan ɗorawa na nufin hanyar masu ƙafa, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Filayen kan tsaunuka kuwa da a rufe suke, masu ƙasa sun keɓe su don harbin tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Ɗaurin ya tayar da hankalin jama'a, ya ƙara wa fafutukar ƙarfi, har aka yi dokar gandun ƙasa a 1949, sannan a 2000 aka buɗe irin waɗannan filaye ga kowa. Kinder Scout ɗin za ka gan shi a gabanka in ka hau sama.

Haƙƙin yana tafe da ladabi. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta bayanka. Kada ka haura katanga, an yi matakala ta katako ko ta dutse a inda ya dace; katangun nan ba siminti a jikinsu, dutse ne aka jera bisa dutse, in ɗaya ya zame sauran su biyo. A watan Maris da Afrilu tumaki na haihuwa, kada a bar yara su bi 'yan raguna. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya. Ba a hura wuta, ba a gashin nama, shara kuma a jaka ake komawa da ita.

Ga hanyar. Ka fita ta arewacin gari ka bi titin gona da ke hawa zuwa Hollins Cross, wani ɗan sirdi a tsakiyar dogon tudun. Hawan zai ɗauke ka kamar minti arba'in da biyar, ƙarshensa ne mai wuya. Kana isa sai kwarin Edale ya bayyana a ɗaya ɓangaren. Ta nan mutanen Edale suke ɗauko gawarsu a kafaɗa zuwa maƙabarta kafin su sami cocinsu, ta nan kuma matan Castleton suke ƙetarawa kullum zuwa aiki a masaƙar auduga ta Edale, ko da ƙanƙara na zuba. Ka juya hagu ka bi shimfiɗaɗɗun duwatsu har ƙololuwar Mam Tor, mita 517. Ramuka da tudun ƙasar da ke zagaye da kan tsaunin sauran ganuwar mutanen da suka zauna a wurin ne tun wajen shekara dubu uku da suka wuce. Iska tana da ƙarfi a can ko da ƙasa lumui take, ka riƙe hularka da yaranka, kada kuma a matsa gefen gabas inda dutsen ya tsage.

Wannan tsagewar ita ce labarin saukowarka. Tsaunin hawa-hawa ne na dutse mai ƙarfi da laka mai laushi. In ruwa ya shiga sai lakar ta saki, gefen tsaunin ya riƙa zamewa sannu a hankali. An yi babban titi a gindinsa tun farkon ƙarni na 19, aka yi ta gyara yana karyewa, har hukuma ta haƙura ta rufe shi a 1979. Yau za ka taka a kansa: kwalta ta rabu gida-gida, wani ɓangare ya nutse fiye da tsayin mutum, farin layin tsakiya yana nan, a gefen tsagar kuma kana ganin kwalta a kan kwalta na duk gyaran da aka yi. Ka bi shi har ƙasa, za ka wuce tsohon ramin dalma na Odin da ƙaton dutsen niƙa da doki ke ja a da, ka dawo gari. Zagayen duka bai wuce awa uku zuwa huɗu ba da hutawa. Mai ƙarfi yana iya farawa ta Lose Hill a gabas ya bi tudun gaba ɗaya, ya ƙara awa ɗaya da rabi. Mai tafe da dattijo kuwa ya hau mota ta Winnats Pass, wata hanya mai tsananin hawa tsakanin manyan duwatsu, ya ajiye ta a wurin ajiye motoci na National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, da ke bayan tsaunin. Daga can minti ashirin ne a kan matakala.

In hazo ya rufe har ba ka ganin gabanka, ka juya ta inda ka fito. In wani ya ji rauni, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana bukatar masu ceto na kan tsauni. 'Yan sa kai ne, ba sa karɓar ko kwabo.

In da sauran rana: Eyam

Wuraren kusa suna da yawa. Akwai madatsar ruwa ta Ladybower da aka kammala a 1943, wadda ta haɗiye ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent. Akwai fadar Chatsworth ta zuri'ar Cavendish da lambunanta, mai cin yini guda da kuɗi masu kauri. Akwai garin Bakewell da kasuwarsa ta Litinin. Amma in ɗaya za ka zaɓa, ka je Eyam, kimanin kilomita goma sha biyar daga Castleton. Da mota ya fi sauƙi. Bas tana zuwa amma sai an sauya, don haka ka tsara tun dare.

A watan Satumba 1665 aka kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke kashe mutane. Yadin yana ɗauke da ƙuma. Mai taimaka wa telan, George Viccars, shi ya buɗe ya shanya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Da cutar ta tsananta a shekara ta gaba, limamin cocin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka roƙi mutane kada kowa ya fita, domin kada a kai ta Sheffield da sauran garuruwa. Suka yarda. Aka riƙa ajiye musu abinci a kan iyakar gari, su kuma su bar kuɗi a cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan tsami. Kowane gida shi ke binne mamacinsa. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Kafin cutar ta lafa a Nuwamba 1666 mutum 260 sun rasu, har da matar Mompesson. Duk wanda ya san hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinta zai ji wannan labari a jikinsa.

Gidajen suna nan, da alluna a gabansu ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, kuma har yau da mutane a cikinsu, don haka a karanta a wuce cikin natsuwa. Dutsen iyakar yana kan hanyar ƙafa zuwa Stoney Middleton, kaburburan iyalin Hancock kuma suna cikin wani fili a gabashin gari, tafiyar kamar minti ashirin. Akwai ƙaramin gidan tarihi kusa da wurin ajiye motoci, ka fara da shi kafin ka zaga. Awa uku sun ishe ka, kuma daga Eyam akwai bas kai tsaye zuwa Sheffield, saboda haka ka taho da jakarka, ba sai ka koma Castleton ba.